Karatu ta Intanet: A Auna Shi da Ɗalibin Rurum

Tun daga shekarar 2015 aka daina rubuta jarrabawar JAMB da biro da takarda a Najeriya. Duk mai neman gurbi a jami'a, ko kwalejin ilimi, ko kwalejin fasaha, dole ya zauna gaban kwamfuta. A 2021 hukumar JAMB ta ƙara da sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, kafin a yi rajista. A farkon 2024 WAEC ta fara yi wa ɗalibai masu zaman kansu jarrabawa ta kwamfuta, sannan a 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya bayyana aniyar gwamnati ta mayar da jarrabawar WAEC da ta NECO kan kwamfuta. A Abuja da Legas ake yanke waɗannan hukunce-hukunce, amma yadda suka hau kan yaron da ya tashi a unguwar Nasarawa cikin birnin Kano, wanda ke taɓa kwamfutar mahaifinsa tun yana firamare, haka suka hau kan yaron Rurum.

Saboda haka zancen ko ya dace fasahar zamani ta shiga karatun 'ya'yanmu ya riga ya wuce. Ta shiga, ba ta kuma nemi izinin kowa ba. Abin da ya rage mu tattauna shi ne ƙa'idojin da za ta yi aiki a kansu, da kuma wanda ake tunawa da shi a lokacin da ake tsara su. Rurum gari ne na manoma a ƙaramar hukumar Rano, kusa da madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Na ɗauke shi misali ne domin yanayinsa ɗaya da na Saji, da Zurgu, da Tarai da Fammar na ƙasar Kibiya, da ɗaruruwan garuruwan kudancin Kano: akwai waya a hannun matasa, akwai ƙishin ilimi, amma wuta da sabis da kuɗin data ba su da tabbas. Ra'ayina a taƙaice shi ne, duk tsarin karatu ta intanet da ba zai yi aiki a hannun ɗalibin irin wannan gari ba, bai cika ma'auni ba, komai kyansa a ofis.

Mece ce ƙa'idar fasaha?

A kasuwa ba sai mai saye ya san mai sayarwa ba kafin su yi ciniki, domin tiya tana tsakaninsu. Ranar da kowane ɗan kasuwa ya zo da kwanonsa na awo, ciniki ya koma rigima, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne zai kwana ciki. Aikin da ƙa'idojin fasaha ke yi ke nan: yarjejeniya ce a rubuce kan yadda za a tsara darasi, da tambaya, da sakamako, da shaidar kammalawa, ta yadda abin da wani ya shirya zai buɗe a na'urar wani ba tare da tangarɗa ba.

Duniya ta daɗe da cin karo da wannan matsala. A ƙarshen shekarun 1990 Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ga tana kashe maƙudan kuɗi kan darussan horar da ma'aikata ta kwamfuta, amma darasin da kamfani kaza ya shirya ba ya buɗewa a dandalin kamfani kaza. Daga nan aka samar da ƙa'idar SCORM a shekarar 2000, wadda ta fayyace yadda za a ɗaure darasi wuri guda, da yadda zai sanar da dandali cewa ɗalibi ya fara, ya tsaya a wuri kaza, ya ci maki kaza. A 2013 aka fito da xAPI, wadda ke ba da damar a ajiye bayanin karatun ɗalibi a na'urarsa ko da babu intanet, a aika daga baya. Akwai QTI, wadda ke tsara yadda ake rubuta tambayoyin jarrabawa domin a iya kwashe su daga wannan manhaja zuwa waccan. Akwai kuma manhajojin da kowa ke da izinin ɗauka ya gyara kyauta, irin su Moodle da aka fitar a 2002, wadda jami'o'i da dama a duniya ke koyarwa da ita.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan manomin Rurum da waɗannan sunaye? Ruwansa shi ne kuɗin gwamnati kuɗinsa ne. Idan aka ba kamfani kwangilar shirya darussan lissafi na ajin ƙarshe na sakandare, ya kulle su cikin manhajarsa shi kaɗai, ranar da kwangilar ta ƙare ko aka sauya gwamnati, darussan sun bi ruwa. Sai a sake biyan wani ya fara daga farko. In kuwa tun a takardar kwangila an shar'anta cewa a shirya su bisa ƙa'idar da kowa ya sani, to sun zama dukiyar jama'a. Ana iya ɗora su a dandalin jiha, a kai su makarantar Rano, a kai ta Kibiya, wani malami ya gyara, wani ya ƙara.

Darasin ɗakin jarrabawa

Wurin da mutanenmu suka fi haɗuwa da ƙa'idar fasaha ido da ido shi ne cibiyar jarrabawar JAMB. Hukumar ba ta amincewa da cibiya sai tana da kwamfutoci aƙalla 250 masu aiki, da wasu na ko-ta-kwana, a haɗe da juna da waya, ga kyamarorin tsaro, ga injin wuta. Ana duba zanen yatsan ɗalibi kafin ya shiga. Waɗannan sharuɗɗa sun taimaka wajen rage satar amsa da shigar wani a madadin wani, kuma sakamako yana fita da wuri. Amma tsadar cika su ta sa cibiyoyin suka fi taruwa a birane, ɗalibin ƙauye kuwa sai ya yi sammako da kuɗin mota, wani lokaci har da neman wurin kwana.

A ɗan tsaya a dubi abin da ke faruwa a cikin ɗakin. Tambayoyi 180 ne, lokaci awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Hukumar ta sauƙaƙa yadda ake amsawa: A, B, C da D na zaɓen amsa ne, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Ga wanda ya saba, wannan ba komai ba ne. Amma yarinyar da ba ta taɓa ɗora yatsa kan madannan kwamfuta ba sai ranar, za ka gan ta ta sunkuya tana lalubar inda N take, domin haruffan ba a jere suke kamar yadda ta koye su a aji ba. Ga agogo a kusurwar allo yana cin lokaci, ga tsoron kada ta danna wani abu komai ya goge. Ta san amsar, amma minti goma na farko sun tafi wajen kokawa da na'ura. Makin da za ta samu ba zai nuna iliminta kaɗai ba, zai nuna har da rashin sabonta. Ƙa'idar da ta tsaurara a ɗakin jarrabawa, amma ta yi shiru game da abin da ya wajaba a samar a makarantar da ɗalibi ya fito, ƙa'ida ce mai ƙafa ɗaya.

Su kansu masu tsara ƙa'ida ba su tsira daga tuntuɓe ba. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an samu kuskure a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin Kudu maso Gabas, wanda ya shafi ɗalibai 379,997, har sai da aka sake musu jarrabawa. Tushen matsalar shi ne wani gyara da aka yi wa manhaja bai kai ga dukkan manyan kwamfutocin da ke tattara amsoshi ba. Wannan ya nuna cewa ƙa'ida ba rubutu a takarda ba ce kawai. Dole a riƙa gwadawa kafin ranar aiki, a riƙa bibiya, a kuma bar wa ɗalibi ƙofar kai ƙorafi da hanyar duba amsoshinsa.

Wuta, sabis da data

Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ɗauki alƙawarin saurin megabit 25 a daƙiƙa a birane, da megabit 10 a karkara, da kuma saukar da farashin gigabait ɗaya zuwa abin da bai wuce Naira 390 ba. A watan Janairun 2025 kuwa hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Duk wanda zai tsara karatu ga ɗan karkara, da wannan lissafi ya kamata ya fara.

Bidiyon da ke gudana da megabit ɗaya a daƙiƙa yana cinye megabait 450 a awa guda. Darasin murya zalla, in an matse shi zuwa kilobit 32 a daƙiƙa, bai kai megabait 15 ba a awa gudan. Wato kuɗin da ɗalibi zai kashe ya kalli darasi ɗaya ya ishe shi ya saurari talatin. Shafin rubutu da zane kuwa ya fi wannan ma sauƙi. Wannan ba yana nufin a yi watsi da bidiyo ba, domin gyaran injin ban-ruwa ko haɗa sola sai an gani da ido. Abin nufi shi ne a wajabta wa kowane darasi ya zo kala uku: rubutu, murya, da bidiyo marar nauyi, ɗalibi ya zaɓi wanda aljihunsa da sabis ɗin garinsu za su ɗauka. A kuma wajabta cewa ana iya sauke darasin a ajiye, a karanta ba tare da intanet ba, a yi gwaji a wayar, ranar da aka samu sabis sakamako ya tafi da kansa.

Fasahar yin haka tana nan. Manhajar Kolibri ta ƙungiyar Learning Equality an gina ta ne domin makarantun da ba su da intanet: ƙaramar kwamfuta ɗaya ce ke riƙe da darussa, wayoyi da kwamfutocin da ke kusa su ɗauka daga gare ta. Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia ba tare da data ba. Dandalin Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a Maris 2022 tare da UNICEF da Microsoft, yana ɗauke da darussa da Turanci, da Hausa, da Igbo, da Yarbanci.

Hanyar rarrabawa ma ba sai an ƙirƙiro ta ba. A kasuwannin garuruwanmu akwai rumfunan masu cajin waya da masu tura fina-finai da wa'azi. Mutum ya miƙa memori ko wayarsa, yaron shago ya jona ta da kwamfuta, cikin 'yan mintoci an cika masa. Ya koma gida ya tura wa abokansa ta Xender, ba a ci ko kwabo na data ba. Ta wannan hanya karatun tafsiri da fina-finan Kannywood suka kai kowane lungu. Da a ce darussan gwamnati suna cikin sigar da ake iya kwafa, da izinin rabawa a fili, da irin waɗannan rumfuna sun zama ɗakunan karatu. Amma darasin da ba ya buɗewa sai an shiga da lambar sirri, sai kuma da sabis mai ƙarfi, tun daga ofis aka rufe wa ɗan Rurum ƙofa.

Harshe da rubutu

Karatu daga nesa ba baƙo ba ne a Arewa. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna, tun 1976 aka kafa ta domin ɗaukaka ilimin malamai suna bakin aikinsu. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983, aka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a 2020, rediyo da talabijin ne suka riƙe yaran Kano, ba intanet ba. Rediyo ya yi nasara ne saboda dalili biyu: yana isa ko'ina da batir biyu, kuma yana magana da harshen da yaro ke ji.

Daidaita rubutun Hausa ma aiki ne da aka sha wahalarsa, tun daga shigo da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980. A duniyar kwamfuta, ƙa'idar Unicode ta tanadi gurbin ɓ da ɗ da ƙ, ta kuma ƙara wasu haruffan da ajaminmu ke buƙata. Duk da haka har yau akan buɗe darasin Hausa a waya a tarar da ƙananan akwatuna ko alamar tambaya a wurin waɗannan haruffa, domin wanda ya gina manhajar bai yi amfani da ƙa'idar ba, ko ya zaɓi salon haruffan da ba ya ɗauke da su. Yaron da ke koyon karatu da irin wannan shafi, kuskure yake koya. Wannan gyara ne da ba ya cin kuɗi, layi ɗaya ne a takardar kwangila. Haka nan ƙa'idojin WCAG, waɗanda ke tabbatar da cewa manhajar karanta allo za ta iya karanta wa makaho shafi, kurma kuma ya samu rubutu a ƙasan bidiyo. Ɗaliban makarantar makafi da kurame ta Tudun Maliki da takwarorinsu na karkara suna da haƙƙi a cikin wannan karatu kamar kowa.

Shaida da amana

Matashin da ya sayar da buhun masara ya biya kuɗin kwas a intanet yana son ya san takardar da zai samu tana da daraja. A nan ne ake yawan cutar mutane. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tallace-tallacen digiri da difloma na wata uku sun cika Facebook da WhatsApp saboda mutane ba su da hanya mai sauƙi ta tantancewa. Doka a fili take. Digiri sai daga jami'ar da hukumar jami'o'i, NUC, ta amince da ita, difloma da shaidar sana'a kuma suna ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha, NBTE. Abin da ake buƙata shi ne kowace shaida ta zo da lambar da mai ɗaukar aiki zai duba a waya ya tabbatar da ita nan take, kamar yadda tsarin Open Badges da Mozilla ta fara a 2011 ya nuna ana iya yi. Shirye-shiryen horo na gwamnati, irin su 3MTT da aka fara a 2023 domin horar da matasa miliyan uku, darajarsu za ta dogara ne kan ko shaidarsu tana nuna abin da mutum ya iya da hannunsa, ba yawan bidiyon da ya kalla ba.

Akwai kuma amanar bayanai. Kowane dandali yana karɓar suna, da hoto, da lambar waya, da ranar haihuwa, wani har da NIN. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta neman izinin iyaye kafin a tattara bayanan yaro. A garin da iyaye ke taka-tsantsan da karatun 'ya'ya mata, ranar da lambar yarinya ɗaya ta fita daga rajistar makaranta ta faɗa hannun ɓata-gari, ba ita kaɗai za a cire daga shirin ba. Kuskure ƙarami wajen shigar da bayanai ma yana da tsada. Sunan da aka rubuta iri ɗaya a NIN, wani iri a takardar makaranta, yana iya tsayar da rajistar ɗalibi har lokaci ya ƙure.

Masu cewa a dakata

Akwai masu ganin duk wannan zance riga-malam-masallaci ne. Suna cewa makarantar da rufinta ke yoyo, yara na zaune a ƙasa, malamin lissafi ɗaya ne ga ajujuwa shida, ina ita ina zancen SCORM? Maganarsu tana da nauyi, kuma babu na'urar da za ta maye gurbin malami. Amma jarrabawar ba ta jira a gyara rufi ba. Kuma ko muna so ko ba ma so, ana kashe kuɗi kan kwamfutoci da dandali, ta hannun gwamnati, da shirye-shirye irin su AGILE na Bankin Duniya, da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa. Tunda za a kashe, gara a kashe bisa ƙa'ida. Kowa ya san labarin ɗakin kwamfuta da aka buɗe da biki, bayan shekara aka tarar da shi a kulle, ƙura ta rufe komai, saboda ba a tanadi sola ba, ba a horar da malami ba, ba a ware kuɗin gyara ba. Waɗannan ukun su ma ƙa'idoji ne, kuma su ne farko.

Malami shi ne ginshiƙi. Shi ma yanzu ta kwamfuta yake rubuta jarrabawar TRCN ta samun lasisin koyarwa. Horon kwana biyu a otal a birni ba ya wadatarwa. Yana buƙatar horo a makarantarsa, da na'urar da zai yi aiki da ita, da wanda zai kira idan ta ƙi tashi. Kudancin Kano ba ta rasa cibiyoyin da za su ɗauki wannan nauyi ba: ga Makarantar Fasahar Karkara da Koyon Sana'o'i ta Kwalejin Fasaha ta Kano a Rano, ga cibiyar koyon fasahar sadarwa a Kura, ga Jami'ar Aliko Dangote a Wudil, ga ƙungiyoyi irin su CITAD da suka daɗe suna wannan aiki.

Kirana ga Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Kano, da shugabannin ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da wakilanmu a majalisa, shi ne kada a ƙara sa hannu kan kwangilar karatu ta intanet sai an rubuta waɗannan sharuɗɗa a ciki: darasi ya buɗe a waya mai araha, ya yi aiki babu intanet, ya nuna Hausa daidai, ya zama mallakar jama'a da za a iya kwashewa zuwa wani dandali, shaidarsa ta tantantu, bayanan yara su tsaru, a kuma haɗa da sola da horon malami da kuɗin gyara. Kafin a biya ɗan kwangila, a kai aikin wata sakandare a Rurum a gwada shi a hannun ɗalibai, ba a ɗakin taro ba. Iyaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma su dage kada yaro ya kai ajin ƙarshe bai zauna gaban kwamfuta ya yi gwajin jarrabawa ba. Wannan haƙƙin 'ya'yanmu ne, mu nema musu shi tun kafin jarrabawa ta gaba.